Mu da Kujerar Likitan Haƙori

Mu mutanen Suleja ba mu san tsoro ba, a bakinmu dai. Zauna teburin mai shayi da daddare, ko a Kwamba ko a Maje, ka sha tarihi: mu ne jikokin waɗanda suka baro Zariya tare da Sarki Makau, ƙanensa Abu Ja ya kafa garin nan a 1828, dakarun Zariya suka yi ta zuwa suna komawa ba su ci mu ba. Tsohon sunan garinmu ma kyauta muka ba Nijeriya ta raɗa wa babban birninta. To amma a teburin nan ka ce gobe za ka wajen likitan haƙori, ka ga yadda jikokin mayaƙa ke ajiye kofi.

Abin da ya tayar da zancen, wani ɗan acaɓan layinmu ne ya iso da kumatu kamar ya cusa goro uku. Ya kurɓi shayi, ya miƙe zumbur yana salati. Kafin ya zauna majalisa ta zama asibiti. Wannan ya ce ya danna kanumfari a kogon, wancan ya ce ruwan ɗumi da gishiri, wani ya ce jar kanwa, wani tsoho ya zaro ƙullin taba gari daga aljihu. Bakanike ya ce duk wasa ake, ɗigo ɗaya na ruwan batir ya gama magana. Mutum goma sha, ba wanda ya ambaci asibiti, sai malamin kimiyya na sakandare da ke can gefen benci, shi ma a hankali, kamar mai roƙon bashi.

Malam ya ce kanumfari da ruwan gishiri ba laifi, man kanumfari har likitocin haƙori na aiki da shi, amma lallashi ne, ramin yana nan. Ruwan batir kuwa, dasashi yake ƙonewa ya bar maka gyambo a kan ciwo.

“Malam, ai tsutsa ce,” in ji ɗan acaɓa. “Da idona na ga an turara wa wani hayaki a bakin kasuwa, tsutsotsi suka zubo cikin kwanon ruwa.”

Nan Malam ya gyara zama, mu kuma muka san shayi zai huce. Ya ce ba mu muka fara wannan zance ba, mutanen Babila sun rubuta labarin tsutsar haƙori shekaru dubbai da suka wuce, Turawa ma sun daɗe suna turara ’ya’yan wani tsiro, in suka fashe su yi kama da tsutsa. Wani likita Bafaranshe, Pierre Fauchard, ya ƙaryata ta a littafinsa a 1728. Sai wani dattijon teburin, Baba Alhaji, ya lissafa da yatsu ya ce shekara ɗari cif ke nan kafin a kafa garinmu, amma har yau saƙon bai wuce Zuba ba. Abin da ke huda haƙori, in ji Malam, ƙwayoyin cuta ne da ke cin ragowar sukari su fitar da tsami, tsamin ya yi ta cin haƙori. Ya faɗi haka yana kallon gwangwanin sukarin mai shayi. Mai shayi ya ce a bar sana’arsa a gefe.

Ni abin da ke ba ni dariya da mu, Baba Alhajin nan da kansa ya buɗe baki a Makka wani baƙo da ba ya jin yarensa ya sa masa haƙorin zinare, ya dawo yana wa kowa murmushi har da wanda yake bi bashi. Amma shi ne ke rantsuwa in aka cire fiƙar sama ido zai mutu. Wanzami ya zo da ƙarfensa ya cire wa jariri beli, muna tsaye muna barka. Kaho a baya, mu ce a ƙara. Kujera ce kawai, mai kwantawa da mutum, da fitila a ka, da injin nan mai kuka kamar sauro ya shiga lasifika, ita ce ta gagare mu.

Kuma duk labarin da muke bayarwa na cirewa ne. Ba ka taɓa jin wani ya ce an cike masa rami ya dawo gida lafiya. Dalili, ba ma zuwa sai magana ta ƙare. Wanda ke aiki Abuja zai ce ina lokaci, tun asuba yana layin mota a Madalla, sai dare ya ga gidansa. Ranar da ciwon ya yi shiru da kansa mu ce tsutsa ta mutu, alhali sau da yawa jijiyar ce ta mutu, mugunya na taruwa a ƙasa. In kumburi ya gangara ƙarƙashin haɓa yana iya toshe numfashi, a nan ne ake kwasar mutum da dare sai Asibitin Koyarwa na Gwagwalada. Ka kai wa likita kango, me zai yi in ba rushewa ba? Sai ka dawo teburi ka ce mahauci ne, mutum goma su ƙara jin tsoro.

Da ’yan teburin suka matsa min, na tona kaina. Bara na je, bayan na yi wata huɗu ina tauna da ɓari ɗaya kamar akuya. Na zaɓi safiya don kada in yini ina saƙe-saƙe, na karya kumallo sosai, na ja abokina ya raka ni, ba don komai ba sai don kunyar guduwa a gabansa. Da shiga na ce, “Likita, ni fa matsoraci ne.” Na zaci zai yi dariya. Sai ya tambaye ni ko ina da hawan jini ko ciwon suga, ya nuna min kayan aikinsa ɗaya-ɗaya, ya ce in na ji ba daɗi in ɗaga hannun hagu zai tsaya. Wannan ɗaga hannun ya fi min komai. Sau biyu na ɗaga, na farkon ma gwada shi nake, ya kuwa tsaya. Allurar kamar cizon cinnaka, bayan nan leɓe ya yi nauyi kamar na aro. Dannawa kake ji da girgiza, ba zafi ba. Na rufe ido ina jan numfashi ta hanci, ina tasbihi da gaɓoɓin yatsu, har na ɓace lissafi.

Malam bai bari ta wuce ba. Ya ce mutanen da muke gudu su suka fara koya wa duniya aiki ba zafi: Horace Wells a 1844 da William Morton a 1846, duka likitocin haƙori ne a Amurka. Allurar da aka yi min kuma, mai yiwuwa lidoken ce, wadda aka haɗa a Suwidin a 1943. Bakanike ya ce duk da haka shi ruwan batir bai taɓa ba shi kunya ba. Aka ce ya buɗe baki a gani. Ya ƙi.

Ɗan acaɓa dai ya kama hannuna ya ce, “Yaya, don Allah Litinin ka raka ni.” Na ce ƙarfe takwas ina ƙofar gida. Litinin na tsaya har tara da rabi, sai ga shi ya wuce a guje da fasinja, ƙyalle ɗaure a haɓa, ƙamshin kanumfari na bin sa, ya ɗago hannu: “Yaya, ya lafa! Sai bayan Sallah!”