Bayajidda Ba Shi da Biza

Wani ƙanena makaniki ya yi wata takwas yana jiran kafili daga Saudiyya. Kullum wayarsa na hannu, ko alwala zai yi sai ya jingina ta da buta. Rannan muka bi ta gaban rijiyar Kusugu a Daura, na ce masa, "Malam, ƙwararren baƙo na farko da ya sami aiki a garin nan ko fasfo ba shi da shi."

Bayajidda fa daga Bagadaza ya taso, ya ratso Borno, maƙeran Gaya suka ƙera masa makami, ya sauka gidan wata tsohuwa Ayana da dare. Ya nemi ruwa aka ce sai Juma'a, maciji ya hana. Ya je ya sare kan macijin. Takardun shaidarsa duka biyu ne: kan maciji da takalmin da ya bari a bakin rijiya. Sarauniya Daurama ta duba, ta gamsu. Iƙamar da ya samu kuwa ta aure ce, babu zancen sabuntawa.

Da yau ne, kuma a Amurka, zai nemi bizar H-1B, wadda sababbi 85,000 ake bayarwa a shekara, sai kamfani ya tsaya masa, shekara uku a ƙara uku. Kafin takarda ta fito mutanen Daura sun gaji da jiran Juma'a.

Ƙanena ya ce shi ko gaban maciji ne zai sa hannu, in dai akwai albashi. Har yau kafilin bai kira ba.