Zuwa ga Babarbaren Birni, mai faifan da ya ƙi magana

Gaisuwa irin ta ubangida zuwa ga baransa. Bayan haka, labari ya iso mana nan Zango cewa ka tara jama'a a zaurenka, ka ɗora shayi, za ka nuna musu hawan sallar bana da ka naɗa a faifai. Dawakin Sarkin Damagaram suka fito daga ƙofar fada, algaita ta ɗauka, sai hoto ya tsaya cik: doki ƙafa biyu a sama, dogari baki buɗe. Kai kuwa ka rantse wani Bafillace ne ya gitta ta ƙofar gidanka ya yi wa na'urar baki.

Kaico, Babarbare! Sarki Tanimu, wanda ya rasu a 1884, ya kewaye Birni da ganuwa, ya sa maƙera suka zuba igwa a cikin garin nan. Kai da kake cika baki da zuriyarsa, faifai guda ya gagare ka. To gyara zama in karantar da kai, tunda Allah ya ɗora mana nauyinku.

Ba bakin Bafillace ba ne, rowa ce. Ka shiga Kasuwar Dole ka tsallake faifai mai suna, ka kwaso na tire wanda ya wuni a rana, don rangwamen dala biyar. Cikin faifan da ake naɗa akwai wani siririn rini, shi hasken na'ura yake ƙonawa ya zama rubutu. In rana ta riga ta dafa shi, me ya rage a rubuta? Kuma ba ka duba goshin na'urarka ba ka ga ko DVD-R take ci ko DVD+R, alhali tsofaffin da yawa ɗaya kawai suka sani.

Bayan rowa sai haɗama. Faifai giga 4.7 ne, awa biyu yake ɗauka in ana son hoto garau. Kai ka danna masa awa shida: hawan salla, da kokawa, da bikin 'yarka, kamar mai lodin jaki ranar kasuwa. Shi ya sa da doki ya zabura sai hoton ya farfashe, fuskar mahayi ta koma dabbare-dabbare.

Na kuma san inda ka ajiye na'urar: bakin taga, an lulluɓe ta da saƙar uwargida, ramukan shan iska duk a toshe. Zafi na cin ta daga ciki, ƙurar hunturu ta kwanta a kan ɗan idon da ke karanta faifai. Kai ta wurin mai gyara ya share idon, ka bar hura mata iska da bakin goro. Faifan kuma a gefe ake riƙe shi, ba da yatsun da suka gama da kilishi ba. In za ka goge, da ƙyalle mai laushi, daga tsakiya zuwa baki, ba zagaye ba.

Wuta ma ka yi hattara da ita. In ta ɗauke ana tsakiyar naɗi, sau da yawa faifan ya tafi ke nan. Sayi ɗan batirin riƙe wuta, ko da hannunka zai yi ciwo wajen zaro kuɗin.

Faifan biki kuwa da ka aika wa surukai suka ce fanko ne, ba fanko ba ne, gaggawa ce ta hana ka rufe shi. Faifan da ba a rufe ba yakan yi a na'urar da ta naɗa shi, ya ƙi a ta maƙwabta. Mayar da shi ciki, ka nemi wurin rufewa a jerin umarni, ka ba ta 'yan mintoci. Kafin nan kada ka share asalin hoton daga kyamara, ka sa jikanka ya kwafa maka shi a katin waya.

Karatun Bafillace ba kyauta ba ne. Goro ƙwarya guda, kuɗin shara kuma ninki biyu ranar cika-ciki. In ka yi gardama, mako mai zuwa zan ba masu karatu labarin ranar da ka nemi kiran waya da rimot.

Ubangidanka, Bafillacen Zango.