Injin goga mara waya da auren batir

Kafintan da ya gaji da tuntuɓe da waya, ranar da ya sayi injin goge katako mai batir ji yake kamar an kwance masa dabaibayi. Sai dai aure ya ɗaura bai sani ba. Batirin Makita ba ya shiga injin DeWalt, na Milwaukee ma gidansu daban, don haka kamfanin da mutum ya fara zaɓa ya zama surukinsa har injin huda da zarto.

Lambar jikin kwali ma akwai rainin wayo. Batirin da DeWalt ke rubuta wa 20V a Amurka shi ne 18V a Turai. Tsofaffin hannu ba sa ko kallonta. Su faifan suke dubawa, mai faɗin milimita 125 da ke juyawa yana karkaɗawa don kada ya bar zobe a fuskar tebur, sannan su ɗora sanfefa lamba 80, su bi da 120, su gama da 220 kafin fenti.

Jakar ƙurar kuwa ado ce; rabin garin katakon a gemun oga yake sauka. La'asar na yi batir ya mutu, an ɗauke wuta, yaron shago ya naɗe sanfefa a guntun katako ya ci gaba da hannu.