Ɗabaƙoƙin Masu Tara Zanen Mutanen Bango

A biranen Turai da Amurka akwai waɗansu masu zane da ba su da allo sai bangon jama'a, suna fita cikin dare da gwangwanin fenti su yi aikinsu a gurguje kafin 'yan sanda su ankara. To, da yake bango ba ya ɗaukuwa, balle a rataye shi a ɗaki, sai aka koma buga zanen a takarda mai kauri, ana tura tawada ta cikin ƙyalle mai ƙananan ƙofofi, kowane launi da nasa ƙyallen. Akan ƙayyade adadin da za a buga, a rubuta wa kowace takarda lambarta da fensir, sa'an nan a yi alkawarin ba za a ƙara ba. Daga wannan alkawari ne wata al'umma ta tsiro, ta kuwa kasu ɗabaƙa-ɗabaƙa.

Na farkonsu shi ne Mai Da-na-sani. A shekarar 2004 wani kamfani na Landan, Pictures on Walls, ya buga zanen nan na Banksy, ɗaya daga cikin masu zanen bangon, na yarinya da jan balan-balan, guda 150 masu sa hannu a kan fam 150 kowace, da guda 600 marasa sa hannu a kan fam 75. Wannan bawan Allah yana nan a lokacin, kuɗin na aljihunsa, amma ya ga tsada. Tun da masu sa hannun suka kai ɗaruruwan dubban fam a gwanjo kuwa, ba ya zama a majalisa face ya karanto ƙissar nan, har abokansa sun haddace ta, idan ya yi tuntuɓe su gyara masa.

Ɗan baranda shi ba ya da-na-sani, domin ba ya jinkiri. Duk ranar da Shepard Fairey, wanda ya zana mashahurin hoton Obama na 2008, zai saki sabon bugu a intanet, yana zaune gaban kwamfuta yatsa a ɗane, kuma kafin ma'aikacin gidan waya ya kawo masa takardar ya riga ya yi tallarta a eBay da ninkin kuɗinta. Tambaye shi launinta, sai ya duba rasit.

Amma wanda ya fi ba ni tausayi shi ne Mai Kulle. Shi kam son gaskiya yake wa takardarsa, son da ya kai shi ga shimfiɗe ta cikin aljihun tebur mai faɗi, tsakanin takardu na musamman, ba ya taɓa ta sai da safar hannu ta auduga, yana ƙiyayya da hasken rana da laima da numfashin baƙo. Ya yi mata kullen da ko mafi tsananin malamai bai taɓa ba da fatawarsa ba. Alhali kuwa asalin zanen an yi shi ne a bangon titi, inda ruwan sama ke dukansa, karnuka na yi masa fitsari, ma'aikatan hukuma na zuwa su shafe shi. Ƙanin Mai Kulle shi ne Mai Lamba, wanda ya yi imani cewa takarda ta 1 ta fi ta 140 albarka, ko da yake ƙyalle ɗaya ya haife su.

Shehinsu duka shi ne Muhaddisi. Idan ka miƙa masa zane ba ya duban fuskarsa, shaidarsa yake nema, domin tun 2008 Banksy ya kafa ofishi mai suna Pest Control mai ba da takardar tabbaci, wadda akan maƙala mata rabin jabun fam goma mai ɗauke da fuskar Gimbiya Diana, ofishin ya riƙe ɗaya rabin. Da wannan Muhaddisi ke rarrabe sahihi da la'ifi da ƙagagge, yana bin isnadi hannu bayan hannu, wane daga wane, har ya tuƙe ga mutumin da bai taɓa bayyana kansa ba, wato majahuli, wanda a wajen malaman hadisi shi kaɗai ya isa ya raunana riwaya.

Akwai kuma jama'ar gari, waɗanda suka fi kowa yawa. A watan Oktoba na 2013 Banksy ya sa wani dattijo ya baza zanensa na hakika, na kan yadi, da sa hannunsa, a gefen lambun Central Park na birnin New York, kowane dala 60, ba sanarwa, ba takardar tabbaci. Mutane suka yi ta wucewa, cinikin yinin nan duka bai wuce dala 420 ba. Wadda ta fara saye wata mata ce da ta ɗauki ƙanana biyu domin 'ya'yanta, ita ma sai da ta taya aka rage mata rabi.