Kowa da Lissafinsa a Kasuwar Kano

Tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023, aka kuma saki naira ta nemi farashinta da kanta, ba ɗan kasuwar da zai rantse a kan abin da gobe za ta haifa. Amma jari ba ya son zama, dole a san inda za a sa shi.

A cikin 'yan kasuwar Kano akwai Na-gani-gun-maƙwabci. Shi idonsa ne littafin lissafinsa. Lokacin ƙarancin takardun kuɗi a farkon 2023 ya ga mai POS yana kwasar rabonsa, sai ya sayar da babur ya sayi na'ura da laima. Kafin ya kafa, laimomi sun cika layin. Yanzu suna zaune suna cire wa juna kuɗi.

Sai Bari-dala-ta-sauka. Kafin karin kumallo ya buga waya wajen 'yan canji a Wapa: "Malam, nawa ta kwana?" Yana riƙe da kuɗin dilolin atamfa a Kantin Kwari, ya yi ta jira har dala ta haura naira 1,500 a farkon 2024, kuɗin suka koma na 'yan turame. Da ta ɗan sauko kuma, cewa ya yi bari ta ƙarasa.

Wanda ya fi ba ni dariya Alhajin Dawanau ne. Da kaka yake sayen masara ya kulle a sito sai damina ta yi nisa. A 2024 abin ya karɓe shi, ya ƙara aure, ya soma ba yara lacca a kan hangen nesa. Ya ɗauka basirarsa ce, alhali tsada ce ta yi masa aikin. Sai ya zuba duk abin da ya mallaka, har da rance. Farashin hatsi ya faɗi a 2025, ƙwari suka shiga buhuna suna karɓar nasu kason. Riba tasa ce, asara kuwa ta gwamnati ce da ta bari aka shigo da abinci.

Mai istihara ba shi da laifi, sunna ce. Matsalarsa ɗaya, sai ya ba da kafin alƙalami yake tunawa da ita.

Mai neman ninki kuwa MMM ta wanke shi a 2016, CBEX ta sake wanke shi a 2025. Duk lokacin da sabuwa ta fito zai ce maka, "Wallahi wannan daban ce."

Can cikin gida akwai Hajiya, wadda ba wanda ke kiranta 'yar kasuwa. Tana zubin adashi, tana kiwon raguna saboda babbar salla, tana da firjin ƙanƙara da 'yan kunnen zinare na ko-ta-kwana. Idan wuta ta ɗauke ƙanƙara ta narke, raguna na nan. Ba ta taɓa yin ƙazamar riba ba. Amma duk waɗancan biyar ɗin, wajenta suke turo yaro bayan isha'i neman rance.