Gafiya Ta Je Neman Dangi

Ga ta nan, ga ta nanku.

Wata Gafiya ce take zaune a ƙarƙashin wani tsohon rumbu a bakin gona. Gonar irin tamu ce, gero da dawa a kunya ɗaya, wake yana yaɗo tsakaninsu, ga gyaɗa can wajen jigawa. Ci dai ba ta rasa ba. Abin da ya hana ta sukuni shi ne gori. Kullum Ɓeran Gida ya gan ta sai ya ce, "Ke wai 'yar wane gida ce? Wutsiya rabi baƙi rabi fari, kumatu kamar buhun ɗan dako. Mu dai kaf zuri'armu babu mai zuba tsaba a kunci."

Ana nan, da hunturu ya shigo, sai ga Galantoyi ya sauka fadama cin fara. Shi ne babban ɗan'uwan shamuwa, fari mai jan baki, wanda yake sheƙa a Turai ya zo nan shan rana. Ya ga Gafiya ta cika kunci har kafaɗa, ya tsaya yana kallo.

Ya ce, "Baiwar Allah, a ƙasar da nake sheƙa, Alzas ta Faransa, akwai mai irin kumatun nan naki. Hamsta ake ce mata. Na ma ji danginta za su yi taro idan ta farka barcin sanyi, don gidanta ya kusa ƙarewa."

Gafiya ta ce, "Don Allah, Malam Galantoyi, ka kai ni."

Ta san abincinsa, saboda haka sai da ta sa shi ya yi rantsuwa. Ta shiga ma'ajiyarta ta cika kumatu biyu da gyaɗa don guzuri, ta hau bayansa. Suka ƙetare Sahara, suka bi ta mashigin Jibraltar, domin Galantoyi ba ya yarda da teku mai faɗi. Iskar zafi da ke tashi daga tudu ita ke ɗaga shi, a kan ruwa kuwa babu ita. Cikin watan Afrilu suka sauka kusa da birnin Sitirasbog.

Gafiya ta duba gabas ta duba yamma, fili ne fetal, an yi huɗa, ba ko ɗigon ganye. Galantoyi ya ce gonar masara ce, ba a riga an shuka ba. Ya tsaya daga nesa, don 'yan taron ba su amince da shi ba.

A bakin ƙofar taron Mujiya ce alƙaliya. Kada ku yi mamakin wannan zaɓi. Mujiya tana haɗiye ɓera ɗungum, daga baya ta amayo gashi da ƙashi a dunƙule, don haka babu wanda ya kai ta sanin haƙorin kowa. Har yau masu bincike sukan tsinci wannan aman su fasa, su gane irin ɓerayen da ke yankin. Ran nan an ɗaure ta da amana daga fitowar rana zuwa faɗuwarta.

Zomo ya zo shiga. Mujiya ta ce, "Buɗe baki." Ta leƙa ta ce, "Ga wasu ƙananan haƙora biyu a ɓoye bayan na gabanka na sama. Kai ba ma cikin masu gwaguya kake ba. Koma." Jaɓa ta zo da dogon hancinta, aka ga haƙora tsini-tsini na cin ƙwari, ita ma aka sallame ta. Gafiya ta juye gyaɗarta a gefe ta buɗe baki. Biyu a sama, biyu a ƙasa, masu kaifi, masu tsiro har mutuwa, waɗanda in ba a gwaguya da su ba sai su hana mai su cin abinci.

Mujiya ta ce, "Unguwar kin shigo. Amma unguwa ce babba, kusan kashi 40 cikin 100 na duk ire-iren dabbobi masu shayarwa a cikinta suke. Gidan da ke taro yau shi ne wanda masana ke kira Cricetidae, mai iri fiye da 600. Turamensu na tauna ake dubawa. Gidan su Ɓeranku tuddan turmi layi uku ne, nan gidan layi biyu. Naki kuwa sai na koma ga littafi. Ki zauna a matsayin baƙuwa."

Gafiya ta kwashe gyaɗarta ta zauna. Ta ɗauka za ta ga masu kumatu jere, sai ta ga yawancin 'yan taron ba su da aljihun kunci ko kaɗan.

Wani ɗan duƙurmi ya matso, hanci dakusasshe, kunnuwa sun nutse cikin gashi, wutsiya guntuwa. Ya ce, "Sannu da hanya, Yaya. Ni ne Bol, ɓeran ciyawa. Ɗakinmu ya fi kowane ɗaki yawa a arewacin duniya. Ciyawa muke ci, ita kuwa tana cin haƙori, shi ya sa yawancinmu har turamenmu ba sa daina tsiro. Da sanyi ba ma barci. Ƙarƙashin dusar ƙanƙara muke tona hanyoyi mu ci gaba da harka. Mako uku matanmu ke goyon ciki. Duk bayan shekara uku zuwa biyar sai mu cika ƙasa, sannan mu zube. A 2007 mun mamaye gonakin Kastila a Sifaniya har manoma suka rasa yadda za su yi. Amma duk mai farce da mai fiffike a wannan ƙasa, mu ne tuwonsa. Shekarar da muka yi ƙaranci, ita kanta alƙaliya ba ta ƙyanƙyashe da yawa."

Ya nuna wasu biyu da suka manne da juna. "Waɗancan daga filayen Amurka suke, mace ɗaya namiji ɗaya, tare suke reno. Ɗan'uwansu na kan tudu kuwa ko sallama ba ya yi wa uwar 'ya'yansa. Ɗaki ɗaya, hali daban."

Sai wani mai zanen baƙi da ruwan ɗorawa ya tako yana huci. Lemin ne daga duwatsun Norwe. Ya ce, "Baƙuwa, in kin koma ki wanke ni. An ce wai mu taruwa muke mu faɗa teku mu kashe kanmu. Ƙarya ce. In mun yi yawa, abinci ya ƙare, mukan fita neman wuri, wasunmu su nutse wajen ƙetare ruwa. A 1958 kamfanin Disney ya fitar da fim, masu ɗauka suka kai 'yan'uwanmu bakin wani kogi a Kanada suka ingiza su da hannu, duniya ta kalla ta gaskata." Ni mai ba ku labarin nan ina ganin ƙorafinsa a kan hanya yake, don sharrin da aka yi wa wanda ba ya iya magana ya fi kowane daɗewa.

Daga rafi Muskarat ya fito yana ɗigar ruwa, ƙato, ya kusa kai Gafiya, wutsiyarsa a shafe ta gefe don tuƙi. Leɓɓansa na rufewa a bayan haƙoran gaba, har ya yanki kara a ƙarƙashin ruwa bai sha ba. Asalinsa Amurka ta Arewa, a 1905 aka kawo kakanninsa kusa da birnin Firag saboda fatarsu, yau mutanen Holan suna fama da shi don yana huda musu madatsun ruwa. A bayansa wani ɗan ƙarami daga hamadar Arizona ya miƙe kan ƙafa biyu ya ɗaga hanci sama ya yi kuka siriri. Shi kunama yake ci, dafinta ba ya damunsa.

Gafiya ta ce, "To ina masu kumatun?"

Bol ya ce, "Ɗakinsu ƙarami ne, bai fi iri 20 ba, kuma yawancinsu ba sa son zama da kowa. Ga ɗaya can."

Wani mai launin zinare ne zaune shi kaɗai. Ya ce shi daga gonakin alkama na wajen Halab yake, a Siriya. "A 1930 wani masani, Isra'ila Aharoni, ya sa aka tone ramin wata kakarmu da 'ya'yanta, aka kai 'ya'yan jami'a a Ƙudus. Kwana 16 kacal muke goyon ciki, kafin a ankara sun cika ɗaki. Kusan duk irinmu da kika gani a keji a duniya jikansu ne. Mu da muka rage a daji kuwa 'yan kaɗan ne, tsakanin arewacin Siriya da kudancin Turkiyya." Kusa da shi wasu 'yan mitsi-mitsi ne daga Mongoliya da Sibiriya, ɗaya gashinsa kan koma fari da sanyi, ɗaya kuma shi ke taya matarsa karɓar haihuwa.

Can sai aka ce Inna Hamsta ta ce a shigo da baƙuwa. Gafiya ta bi wani rami da ya miƙe tsaye, wanda mai gida ke faɗawa in an biyo ta, ta gangara kusan mita biyu. Ga ɗakin kwana an shimfiɗa busasshiyar ciyawa, ga makewayi daban, ga rumbu. Ta leƙa rumbun, ba komai sai 'yan ƙwayoyin masara da suka fara fumfuna. Inna tana kwance, bayanta ja-ja, farin tabo a kunci da kafaɗa, cikinta baƙi ƙirin. Ta rame.

Gafiya ta durƙusa ta ce, "Ina wuni, Inna. Ya jiki?"

Ta ce, "Da sauƙi, 'yar nan. Da kin zo zamanin kakata da kin ga gida. In kare ya tare ta, miƙewa take tsaye ta hura kumatu ta nuna masa baƙin ƙirjinta, shi ne zai ja baya. Gonakin nan a da alkama ce, da sha'ir, da kabeji, da ciyawar dabbobi, kowace da lokacinta. Muna da yawa har ana biyan mutane lada su kama mu, ana ɗinka riga da fatarmu. Sai aka mai da ƙasar masara zalla. In na farka a Afrilu fili tsirara ne, shaho yana ganina daga sama. In kaka ta yi, inji ya kwashe komai a yini ɗaya, ya bi da garma mai zurfi."

Ta yi shiru, sannan ta ce, "Bara na haifi bakwai. Ban tara su wuri ɗaya ba, ban kwanta a kansu ba. Na kai su rumbu na ajiye kan masara, na cinye su da ransu. Harshena ya yi baƙi, ina ta zagaye ɗaki ban san abin da nake yi ba."

Kada wanda ya zagi Inna. Masu bincike na Sitirasbog sun bi diddigin wannan abu, suka bayyana sakamako a 2017. Masara tana riƙe sinadarin bitamin B3 yadda jiki ba ya iya cin moriyarsa, kuma rashinsa ne ke juya kan uwa. Da suka ƙara wa iyayen wannan sinadari, sai suka koma reno lafiya lau. Mutum ma in ya dogara ga masara ita kaɗai yakan kamu da cutar felagira, fata ta ƙeƙashe, ciki ya ɓaci, hankali ya gushe.

Ana cikin haka Mujiya ta aiko a fito a ji hukunci. Ta ce, "Gafiya, masana sun daɗe suna kai ki suna kawo ki, yau su sa ki gidan nan, gobe gidan su Ɓera. A farkon shekarun 2000 aka duba ƙwayoyin gado, magana ta fito. Ke 'yar gidan Nesomyidae ce, gidan Afirka. Danginki suna nan har tsibirin Madagaska. Kumatunki naki ne, nasu nasu ne, kowa ta hanyarsa ya samu. Kama da wane ba ta wane."

Idon Gafiya ya kawo ruwa. Mujiya ta ce, "Gidanku ba na raini ba ne. A Morogoro ta Tanzaniya ƙungiyar APOPO tana horar da 'yan'uwanki su shinshino nakiyoyin da aka binne da kuma cutar tarin fuka. Ɗaya daga cikinsu, Magawa, an ba shi lambar zinare a 2020 saboda aikinsa a Kambodiya."

Rana ta yi ƙasa, amanar Mujiya ta kusa ƙarewa, kowa ya fara neman rami. Bol ya raɗa mata, "Yaya, ba ki da gado a nan, kuma Galantoyi ba zai koma ba sai Agusta. Ƙasar nan ba abinci. Gafiya, tsira da na bakinki."

Gafiya ta taɓa kumatunta. Ta juya ta sake gangarawa ramin, ta sa ƙafafun gaba ta turo kunci daga baya, gyaɗa ta zubo a rumbun Inna har ƙwaya ta ƙarshe.

Inna ta ce, "Ai an ce ba jininmu ba ce ke."

Ta ce, "Na ji, Inna. Ki dai ci. A garinmu ba a barin mai jego da abu ɗaya."

Gyaɗa kuwa tana cikin abincin da ya fi wadatar wannan sinadari. Gafiya ta tona ɗan rami a gefen gona, don Hamsta ba ta kwana da kowa. Da dare takan yi tafiya mai nisa zuwa wata 'yar gonar alkama da ciyawa, ta ciko kumatu ta ajiye a bakin ƙofa. Cikin watan Yuni Inna ta haifi shida. Ta tara su wuri ɗaya ta kwanta a kansu, shidan kuma suka fito suka ga rana.

Da Agusta ya yi Galantoyi ya mai da Gafiya gida, ta iske gero ya fitar da kai, wake ya rufe kunya. Ɓeran Gida ya tare ta ya ce, "To, kin samo dangin?" Ta ce, "Na samo sunan gidanmu, kuma nan yake." Ta wuce ta shiga raminta.

Su Inna Hamsta kuwa har yanzu suna cikin hatsari. A 2011 Kotun Tarayyar Turai ta sami Faransa da laifin sakaci da su, kuma yanzu ana biyan wasu manoman Alzas su shuka alkama da ciyawa su bar wani yanki ba girbi. A da uwa ɗaya kan haifi fiye da 20 a shekara, yau 5 ko 6 ne. A 2020 ƙungiyar IUCN ta sa su cikin dabbobin da ke dab da ƙarewa, ta ce in ba a sake lale ba za su iya ɓacewa cikin shekara 30.

Ƙurunƙus kan kusu.