Masu Karɓar Baƙo a Nasarawar Burkullu

Tun 2010 ƙasar Anka da Bukkuyum ta saba da fararen motoci masu dogon eriya. A shekarar ce gubar dalma ta ɓulla a ƙauyukan Yargalma da Dareta da Abare, sanadin dutsen zinaren da ake niƙawa a cikin gidaje, yara suna shaƙar ƙurarsa. Yara kusan 400 suka rasu, Allah ya jiƙansu. Likitocin ƙungiyar agaji ta MSF suka buɗe wuraren jinya a Anka da Bukkuyum, wasu baƙin kuma suka zo kankare ƙasar tsakar gida ana zuba sabuwa, aikin da bai kai ƙauyen Bagega ba sai 2013. Yanzu matsalar 'yan bindiga ta rage zirga-zirga. Amma duk mai aikin agajin da ya baro ƙasarsu ya ya da zango a Nasarawar Burkullu, kan hanyar Anka zuwa Gummi, zai iske mutanen gari sun riga sun raba aikin karɓarsa, ba tare da an kira taro ba.

Na farko shi ne tafinta. Ba wanda ya naɗa shi, gani kawai za a yi ya tsaya a kafaɗar baƙo. Baƙo zai yi dogon bayani a kan wanke wa yara hannu kafin cin abinci, tafinta ya juya ya ce, "Ya ce yana gaishe ku." Mai unguwa ya ce, "Madalla." Wannan kalma ɗaya tafinta zai yi ta warwara cikin Turanci, har da roƙon rijiyar burtsatse da ba wanda ya ambata.

Sai Gwaggo mai akushi. Kallo ɗaya ta yi wa baƙo ta yanke hukuncin cewa a ƙasarsu ba a cin abinci. Da safe kunu da ƙosai, da rana fura da nono, da dare tuwon dawa da miyar kuka, malmala uku. "Ci, ɗan nan. Kada ka koma uwarka ta ce mun bar ka da yunwa." In ya cinye, ta ce bai ƙoshi ba, a ƙaro. In ya rage, ta ce ya raina girkinta. Mai wayo yakan kira yaran gida su kewaye akushin, Gwaggo ta yi kamar ba ta gani ba.

Akwai mai ciwon komai. A wajensa duk wanda ya fito daga farar mota likita ne, ko da direba ne ko mai gyaran famfo. "Likita, daga ƙeya yake tasowa, ya gangara ƙugu, ran kasuwa kuma ya koma gwiwa." A ba shi ƙwaya, ya juya ta a tafin hannu yana taɓe baki. Shi maganin da ba allura ba ko ƙarin ruwa, wasan yara ne.

Malamin gaisuwa yana zaune a ƙofar gida bisa buzu. Baƙon da ya haddace Hausar Kano daga littafi a nan yake gane bai fara ba. Ina kwana, ina gajiya, ina gida, ina aiki, yaya sanyi, yaya baƙunta, sannan a sake sabon zagaye. Da an ce masa "mi kaka so?" sai ya hau buɗe littafi. Bature dai ana yi masa uzuri, ko "lahiya lau" ya furta sai an tafa. Wanda ke shan wuya shi ne baƙar fata daga Kenya ko Kongo. Ya rantse ba ya jin Hausa, malam ya girgiza kai: "Wanga yana ji, iyayi na."

A teburin mai shayi Sarkin Zato yake hawa mulki. "Haka kawai mutum zai baro ƙasar da ba a ɗauke wuta ya zo sauro ya ci shi? Zinarenmu suke aunawa." Yana da hujja a kan kowace na'ura da aka sauke daga mota. Washegari da sassafe, shi ne na farko a layin ganin likita, riƙe da hannun ɗansa.

Dillaliyar aure tambaya biyu gare ta: shekarunka nawa, iyalinka nawa? In baƙo ya ce ya haura talatin ba mata, sai ta yi salati, ta rage murya ta ce akwai wani mai magani a Gummi, ba ya tona asiri. Samari masu neman lambar waya da yara 'yan rakiya kuwa ba a ƙirga su, duk inda baƙo ya sa ƙafa suna nan.

Na ƙarshe ba ya fitowa sai an kwana biyu, kuma shi ne mai faɗa. Duk sauran suna lallaɓa baƙo, ya yi kuskure a ce ai baƙo ne. Shi wannan dattijo tare shi zai yi a tsakiyar hanya: "Kai yaro, an yi rasuwa a maƙwabtanka, ban gan ka wajen gaisuwa ba. Haka ake yi a gidanku?" Baƙo zai koma ɗaki ransa a ɓace, yana zaton an tsane shi. Bai sani ba, mutanen gari ba sa ɓata bakinsu a kan wanda suka san gobe zai tafi. Daga ranar an daina shimfiɗa masa tabarma shi kaɗai. Kafin mako ya zagayo za a aiko yaro da takardar karo-karon gyaran kwalbati, sunansa a layi na biyu, bayan na mai unguwa, an ma rubuta masa abin da zai bayar.